Ranar da Ikilisiyar Tabor Creek Ta Ɗaga Hannu

Tabor Creek, Kansas
6 ga Maris, 1905

Zuwa ga Gwaggo Keziah,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ni ce Lavinia, autar yayanki Gideon. Ba ki taɓa ganina ba, kuma tun takardar da na aiko miki shekara uku da suka wuce ta rasuwar Baba ban sake rubuto miki ba. Ki gafarce ni.

A watan Oktoba cocinmu zai cika shekara hamsin. Ikilisiya ta zauna, ta ɗora mini rubuta tarihinsa, wai tunda ni malamar makaranta ce, kuma Baba ne ya riƙe littafin taron coci shekara arba'in. Cikin mutum talatin da huɗu da suka taso daga Massachusetts suka kafa shi, ke kaɗai kika rage.

Abin da kowa ya sani na riga na rubuta. Kun zo ne don kada a shigo da bautar da mutane Kansas. Ran Lahadi 17 ga Agusta 1856 mutanen Missouri masu goyon bayan bauta suka auka wa coci, suka kashe mutum huɗu, har da mijinki Silas. A ranar ne Baba ya rasa idonsa na hagu, hannunsa kuma ya shanye. Duk shekara ana faɗin wannan daga kan mumbari.

Amma a littafin, bayan wannan Lahadin an yanke shafi uku da reza. Rubutu bai ci gaba ba sai tsakiyar Satumba. Na tambayi Dikon Peabody, babban dikonmu, ɗan tsohon Peabody da kika sani. Ya ce ɓera ne. Gwaggo, ɓera ba ya yanka a miƙe.

Ina roƙonki ki faɗa mini abin da kika tuna, ko kaɗan ne.

Ki huta lafiya.
Taki cikin ladabi,
Lavinia Whitcomb

Ashfield, Massachusetts
22 ga Maris, 1905

Lavinia,

Na ga takardarki, na gode da gaisuwa. Ina nan da raina. Ƙafa ce dai ta yi tawaye, amma baki yana aiki, maƙwabta za su shaida.

Rubutunki irin na ubanki ne, kowane harafi a tsaye kamar an kira shi kotu. Tunda tarihi kike so, ga tarihi.

Mun isa wurin nan a watan Afrilun 1855, ba komai sai ciyawa da iska da rafi. Wata biyar muna sujada a ƙarƙashin amalanken tsohon Peabody, Fasto Lathrop yana wa'azi shanu suna amsa masa. Dutsen ginin mu mata muka kwaso daga rafi a gaban riguna. Idan littafinku ya ce maza ne suka gina cocin, ki gyara.

Kin san halinmu, ba mu da bishop, ba wanda ke aiko mana da umarni daga wani gari. Kome sai an zauna an ɗaga hannu. Inda za a kafa murhun ɗumama ɗaki sai da aka yi zama uku. Silas ya miƙe ya ce, "'Yan'uwa, ina ba da shawara a ajiye shi kusa da Ɗan'uwa Peabody, ko addu'arsa ta narke ta gajarta." Har fasto sai da ya rufe baki da littafin waƙa. Mu mata ba mu da hannu a lokacin. Muna zaune a gefen hagu muna saƙa, a gida kuma mu gaya musu yadda za su yi.

Abin alfaharin da muka yi guda ɗaya ne, ki rubuta shi da manyan baƙaƙe. A watan Yunin 1856 wani maƙeri mai suna Jethro, wanda ya gudo daga hannun ubangidansa a Missouri, ya nemi shiga ikilisiya. Aka yi gardama yini guda. Wasu suka ce a ba shi guzuri ya wuce arewa. Ubanki ya ce, "In ba zai sha daga ƙoƙon da muke sha ba, me ya kawo mu nan? Gona akwai ta a gida." Aka ɗaga hannu, aka karɓe shi. Lahadin da ta biyo ya zauna a benci na biyu, ya ci jibin Ubangiji tare da mu. Murya gare shi mai kauri, shi ya hana waƙarmu zama kukan kaji.

Wannan ya ishe ki. Shafi uku kuwa, wanda ya yanke su yana da dalilinsa. Ki bar su.

Ki gaida mutanen gida.
Gwaggonki,
Keziah Ames

Tabor Creek
15 ga Afrilu, 1905

Gwaggo mai daraja,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta takardarki sau uku, na kuma gyara maganar duwatsu.

Na so in bi umarninki, amma wani abu ya faru. Akwai wata mata a ƙetaren rafi, Orpha Tuck, ta haura hamsin, ba ta taɓa aure ba. Tun ina yarinya take kawo ƙwai da man shanu gari ran Asabar. Ba ta bin hanyar coci, sai ta zagaya ta bayan injin niƙa ko da ana ruwa. Mun ɗauka hali ne kawai.

Asabar ɗin nan ta tsayar da ni a bakin kanti. Ta ce, "Malama, an ce ke ce mai rubuta labarin cocinku."

Na ce ni ce.

Ta ce, "Mutum nawa kika ƙirga a watan Agustan nan?"

Na ce huɗu.

Ta ce, "Biyar ne. Ki je bayan coci ki dubi kututturen nan da yara ke zama a kai. Ki tambaya wa ya sare bishiyar, kuma don me." Ta ɗauki kwandonta ta wuce.

Na tambayi tsohon mai shara. Ya ce Baba ne ya sare ta, da hannu ɗaya, kwana huɗu yana sara, bai yarda kowa ya taya shi ba.

Gwaggo, wane ne na biyar? Me ya haɗa shi da Baba? Tun ranar ban iya cin abinci sosai ba.

Taki,
Lavinia

Ashfield
3 ga Mayu, 1905

Lavinia,

Ina gaishe ki. Ashe Orpha tana nan. Ban taɓa tambaya ba.

Zan fara da Lahadin, don labarin da ake faɗa muku daga mumbari an wanke shi an goge.

Zafi ake yi sosai, an buɗe tagogi duka. Fasto Lathrop ya kai tsakiyar wa'azi muka ji dawakai. Bindigoginmu suna jingine a shirayi, don an taɓa ɗaga hannu an ce makami ba zai shiga ɗakin sujada ba. Su mutanen Missouri suka fara kwashewa. Sun kai talatin, da warin giya, wasu sun shafa gawayi a fuska.

Babbansu ya shigo da hula a kansa. Ya ce, "Ku ci gaba da addu'arku, malam mai wa'azi. Kayanmu muka zo ɗauka." Ya nuna Jethro da bulala.

Fasto ya sauko daga mumbari, ya tsaya a tsakiyar hanya. Ɗan guntu ne, kansa bai kai kafaɗar mutumin ba. Ya ce, "Babu kaya a nan. Wannan ɗan ikilisiya ne. Ka cire hularka."

Mutumin ya harbe shi a baki. Jini da haƙora suka watsu a kan farin mayafin teburin jibi. Bai faɗi nan take ba, ya yi taku biyu yana lalube kamar mai neman ƙofa, sannan ya kife.

Daga nan ban san wa ya fara ba. Jethro ya ɗaga benci sukutum ya maka wa biyu. Na ji ƙarar ƙashin ɗaya daga inda nake. Silas ba shi da komai a hannu sai ƙarfen tona wuta, ya yi kansu da shi. Ubanki ya jawo ni ƙasa, ya tura ni ƙarƙashin benci, ya kwanta a kaina. Ta tsakanin ƙafafun mutane nake gani. Na ga takalman Silas, ni na sa musu sabuwar igiya da safe. Na ga wani ya zo ta bayansa da doguwar wuƙa. Ya soka masa a ƙugu, ya ja ta zuwa gaba. Silas ya durƙusa yana tare cikinsa da hannu biyu, hanjinsa na fita ta tsakanin yatsunsa. Fuskarsa ta zo daidai da tawa, tsakaninmu bai fi kamu uku ba. Ya gan ni. Ya girgiza mini kai, wato kada in motsa. Ubanki ya toshe mini baki, na cije shi har na ji ƙashi. Bai saki ba.

Tsohuwa Mercy Dole ba wanda ya nufe ta. Kurma ce, ta miƙe ta ga abin da ke faruwa, harsashi ya same ta a wuya.

Jethro sai da mutum shida suka taru a kansa. Suka ja shi waje, suka ɗaure ƙafafunsa a jikin sirdi. Ya ce musu gawarsa za su mayar, ba shi ba. Ya ciji kunnen ɗayansu ya tofar. Sai suka fusata suka manta da cewa da rai aka aiko su kawo shi. Wannan ban gani ba, ji na yi. Na ji doki ya zagaya cocin sau uku a guje, kowane zagaye muryarsa tana raguwa. Da muka fito mun same shi a bakin rijiya. Da tafin hannunsa na maƙeri kaɗai za ka gane shi.

Duka bai ɗauki lokacin dafa wake ba. Suka cinna wa rufin wuta suka tafi, muka kashe da ruwan rijiya.

Ki lura da abu ɗaya. Ubanki ya fito daga cocin nan da idonsa biyu da hannunsa biyu. Ciwon da ke jikinsa shi ne cizona.

Harlan Tuck, uban Orpha, manomi ne a ƙetaren rafi. Haifaffen Missouri ne, amma bai taɓa mallakar bawa ba, ko doki biyu bai mallaka ba. Ba ya zuwa cocinmu, ya ce surutunmu ya yi yawa. Ya hango hayaƙi ya zo da amalankensa. Shi ya naɗe Silas a bargonsa, ya kai mini shi gida.

Hannuna ya gaji. Sauran sai na ga ko zan iya.

Keziah

Tabor Creek
12 ga Mayu, 1905

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki ta'aziyyar da ta makara shekara arba'in da tara. Na yi kuka a kan takardarki. Ban san haka Kawu Silas ya rasu ba.

Amma kin bar ni a tsakiyar ruwa. Idan ba mutanen Missouri ne suka cire wa Baba ido ba, wa ya cire? Na yi ta juya abin, amsa ɗaya nake samu. Harlan Tuck ne na biyar, Baba ne ya kashe shi, shi kuma ya ji masa ciwon nan yana kare kansa. Shi ya sa ya yanke shafukan, ya sare bishiyar. Shi ya sa kika bar garin ba ki ƙara yi masa magana ba.

Mutumin nan shi ya koya mini karatu a kan cinyarsa. Ko kaza ba ya iya yankawa, Mama ce ke yi. Idan haka ne ki faɗa mini kai tsaye. Zan iya ɗauka. Rashin sanin ne ba zan iya ba.

Lavinia

Ashfield
9 ga Yuni, 1905

'Yata Lavinia,

Ina gaishe ki. Na yi niyyar in mutu da wannan maganar, kuma saura kaɗan in ci nasara. Amma ba zan bari ki ɗora wa Gideon kayana ba.

Da Tuck ya sauke Silas a kan teburina, ya tsaya yana murza hularsa. Ya ce, "Sannu, baiwar Allah. Sai da na gaya muku ku bar baƙin mutumin nan ya wuce. Sai da na gaya muku." Da irin muryarsu ya faɗa, irin jan harshen nan na mutanen Missouri, wanda na ji awa guda kafin nan yana cewa kayanmu muka zo ɗauka. Bai nufi mugunta ba. Har ruwa ya ɗebo mini kafin ya tafi. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji kamar garwashi.

Mazanmu suka bi sawun maharan kwana biyu, suka dawo ba ko ɗaya. Ran Laraba da hantsi muka binne mutum huɗu, daga maƙabarta muka wuce coci. Jinin bai gama fita daga katako ba, ƙuda ko'ina. Tsohon Peabody ya hau kujerar shugaba tunda ba fasto. Ya ce mashigin rafin nan ɓoyayye ne, baƙo ba zai gane shi ba sai an nuna masa. Wa ya nuna musu?

Sai na ji kaina na miƙe. Mace ba ta magana a taro, amma ba wanda ya hana ni. Na ce, "Na ga Harlan Tuck a waje, yana riƙe musu dawakai."

Ban gan shi ba, Lavinia. Ban ga komai ba sai ƙafafu da rigar ubanki. Mashigin kuwa, daga baya aka gane ko shanu sun san shi.

Mutum huɗu suka je suka ɗauko shi daga gonar masara, hannunsa ɗaure a baya. Ya shigo yana ɗan murmushi, ya ɗauka kuskure ne da za a warware. Da aka maimaita masa abin da na ce, ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Matar Ames, ni fa na kawo miki mijinki." Na ce, "Don ka san inda ka bar shi." Ɗakin ya ɗauki gurnani.

Peabody ya ce babu alƙali a ƙasar nan sai na masu bayi, saboda haka ikilisiya ce za ta yanke. Ya ce yau matan da aka kashe wa maza za su ɗaga hannun mazansu. Ni da matar fasto ke nan. Ranar farko da mace ta yi zaɓe a cocinku ita ce wannan. Ki sa a tarihin in kina so.

Masu cewa a rataye shi, hannu ashirin da ɗaya, har da nawa. Masu cewa a'a, hannu ɗaya.

Gideon ya ce, "'Yan'uwa, ƙanwata ba ta cikin hayyacinta. Ku tsare shi mako guda, a bincika." Aka ce ya zauna. Ya ce, "Mun kafa wurin nan ne don mu yi sujada, ba mu da ikon ran kowa. Ko mu ɗari ne muka ɗaga hannu, kisa ne." Peabody ya ce, "Ikilisiya ta yi magana, Ɗan'uwa Whitcomb. Kai ne mai littafi, rubuta."

Ya rubuta, sunan kowa da yadda ya ɗaga. Ya rufe littafin, ya je ya tsaya a bakin ƙofa, ya dafe dogaran biyu da hannuwansa. Ya ce, "Sai dai ku bi ta kaina."

Suka bi. Peabody ya sa gindin bindiga ya doki hannunsa na dama a gwiwa, sau biyu, har ƙashin ya ɓullo ta riga. Bai saki ɗaya dogaran ba. Wani, ban ga ko wane ne ba, ya buga masa a fuska, idon ya fashe. Suka taka shi suka fita. Mutanen da ya tsallako rabin duniya da su ne, waɗanda yake miƙa wa gurasa duk wata.

Reshen bishiyar bai da tsayi, ba kuma wanda ya iya ƙulli a cikinsu. Suka ɗora Tuck a kan amalankensa, wanda ya kawo Silas a ciki, suka kora dokin. Wuyansa bai karye ba. Yatsun ƙafarsa suna taɓa ƙasa, yana ta shure-shure, fuskarsa ta koma baƙa, harshensa ya fito. Matarsa ta iso a guje ta ƙetare rafi, Orpha na bayanta, shekararta bakwai. Matar ta rungume ƙafafunsa tana ɗaga shi sama don ya sami numfashi. Mutum biyu suka ɓamɓare ta. Peabody ya kama ƙafafun ya ja ƙasa da nauyinsa. Ina tsaye, na kalla har ƙarshe. Ina jira in ji sanyi a raina. Ban ji ba.

Bayan kwana goma Gideon ya iya tashi. Ya zo gidana, fuskarsa a naɗe. Ya ce, "Keziah, a kanki nake kwance. Ba ki ga waje ba."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa a taro?"

Ya ce, "Da na faɗa, da yana raye. Na tsaya a ƙofa don na kasa cewa ƙanwata maƙaryaciya ce. Karyewar hannu ta fi mini sauƙi."

Wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Shi ya yanke shafukan, saboda ni. Ni na gudo gida kafin sanyi ya shigo. Shi ya zauna, shekara arba'in yana miƙa wa Peabody ƙoƙo da hannun hagu, ana faɗin ƙarya a kan idonsa daga mumbari yana sauraro. Ban san yadda ya iya ba. Ni tun ranar ban sake cin jibin Ubangiji ba. Nan Ashfield sun ɗauka taurin kai ne.

Ga shafukanki uku, sunayen masu ɗaga hannun kuma na jera su a bayan takardar nan. Ki yi yadda kika ga dama da su. In za ki rubuta, ki sa sunana cikakke, kada ki ce wata gwauruwa.

Gwaggonki,
Keziah Whitcomb Ames

Tabor Creek
2 ga Oktoba, 1905

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Wata huɗu ban rubuto ba. Wata biyun farko fushi nake da ke, ba zan ɓoye miki ba. Na yi fushi da Baba ma, na daina zuwa kabarinsa. Bayan haka na zauna na rubuta babin yadda kika faɗa, ban rage ba.

Na fara kai wa Dikon Peabody. Ya karanta a tsaye. Ya ce, "Malama Whitcomb, ubana ya aza harsashin ginin nan. Za ki tsaya ranar biki ki ce mai kisa ne, a kan maganar tsohuwar da ta ce da bakinta ta yi shaidar zur?" Na ce ba ni zan yanke ba, ikilisiya ce. Ya ce in tuna cewa shi ne shugaban kwamitin makarantar da nake koyarwa. Na ce na tuna.

An zauna ran Alhamis bayan azahar. Ban taɓa ganin coci ya cika haka ba. Na karanta takardarki daga farko har ƙarshe. Da na zo sunayen, jikan ɗaya daga cikinsu ya jefo ni da littafin waƙa, ya fasa mini leɓe. Ƙaninsa ya shaƙe shi, benci biyu suka kife, sai da fasto ya shiga tsakani. Na goge bakina na ƙarasa.

Sai tsohuwar matar Hale ta miƙe, wadda ta auri ɗan ɗaya daga cikin masu ɗaga hannun. Ta ce, "Surukina ya yi mako biyu yana mutuwa, ni na yi jinyarsa. Ba ya kiran matarsa, ba ya kiran Yesu, Tuck yake kira. Shekara talatin ina tambaya wane ne Tuck, ana ce mini zafin zazzaɓi ne." Ta zauna.

Aka ɗaga hannu. Arba'in da huɗu a sa babin, talatin da tara a cire. Dikon Peabody ya ɗauki hularsa ya fita, gida tara suka bi shi. Ba na jin za su dawo. Makaranta kuwa an sanar da ni cewa wannan zangon ne na ƙarshe.

Ban san Orpha tana wurin ba. A waje ta tsaya, jikin taga, ba ta shigo ba. Da aka watse ta tare ni. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Uwata ta mutu tana zaton ko da gaske ya riƙe dawakan. Ba ta taɓa faɗa ba, amma na san tana zato." Sannan ta ce, "Matar tana da rai?"

Na ce kina da rai.

Ta ce, "Ba ni adireshinta."

Na tambaye ta me za ta yi. Ta ce ba ta sani ba tukuna, za ta sani idan ta gan ki. Fuskarta ba ta nuna mini komai ba. Na ba ta, Gwaggo. Ban ga ina da ikon hana ta ba. Ta sayar da saniyarta, ta ce za ta hau jirgin ƙasa ran 16 ga wata.

In kina so ki koma wajen wasu na ɗan lokaci, akwai sauran kwanaki. In kina so in biyo ta, ki bugo mini waya.

Allah ya kiyaye ki.
'Yarki,
Lavinia

Ashfield
9 ga Oktoba, 1905

Lavinia,

Na gode. Ki sa wa leɓen zuma.

Kada ki biyo ta, ba kuma inda za ni. Ki gaya mata daga tasha akwai mai keken doki da ke hawowa nan ran Talata da Juma'a. Gida na uku bayan gada, mai koren ƙofa. Matakala ta biyu ta ruɓe, ta tsallake ta. Na sallami matar da ke kwana da ni na makon da za ta iso, ba wanda zai shiga tsakaninmu.

Ba sai ta ƙwanƙwasa ba. Ƙofar a buɗe take.

Gwaggonki,
Keziah